Wanda Inna Ba Ta Faɗin Sunansa

Labarin rasuwar yayana wani mai sayar da albasa ne ya kawo shi, ranar kasuwar Lolo. Ya tsallako daga ƙetare, wato ƙasar Benin, da kayansa, sai da ciniki ya lafa sannan ya tambayi gidanmu. Ya tsaya a zaure ya ce malamin jami'ar nan na gidan kawunmu Allah ya yi masa rasuwa, har an kwana biyu da binne shi. Na shiga na tarar da Inna tana tsintar shinkafa a faifai. Ban san yadda zan faɗa mata ba, domin tun da nake ban taɓa yi mata maganarsa kai tsaye ba. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗi abin da aka ce, ina kallon bango. Ta ce, "Allah shi jiƙan musulmi," ta ci gaba da tsintarta.

Shi ne ɗan farinta, ni ce auta, tsakaninmu ya fi shekara ashirin. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, kuma matan zamanin Inna ba su ɗauki wannan kunya da wasa ba. Ita kuwa har ta fi sa'o'inta tsanani. Idan ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "mutumin ƙetare". Ana yaye shi aka kai shi gidan wanta, kawunmu, a wani ƙauyen Dandawa da ke cikin ƙasar Benin. Can ya tashi, can aka sa shi makarantar Faransanci, daga can ya yi kudu. Ganina da shi kaɗan ne ƙwarai, na ƙarshe lokacin rasuwar baffanmu, ina yarinya. Abin da na riƙe shi ne wani dogon mutum mai tabarau da ya durƙusa daga nesa ya gaishe da ƙofar ɗakin Inna. Ba ta fito ba, shi ma bai jira ta fito ba.

Da can gidanmu cike yake, kuma irin wannan kunya sai a cikakken gida take tafiya daidai. Idan labarinsa ya zo, gwaggo ce za ta zauna a tsakar gida ta ɗaga murya tana ba matar baffa labari: an ce ya ci jarrabawa, an ce ya yi aure, an ce ya yi ƙiba. Inna tana gefe tana daka kamar ba ta ji, alhali saboda ita ake yin hirar. Yanzu gwaggo ta rasu, matar baffa ta rasu, yayyena mata suna gidajen aurensu a Kende da Lafagu, su ma tsufa ya kama su. Mijina ya rasu, 'ya'yana suna Birnin Kebbi, sai na tattara na dawo gida. Daga ni sai Inna, sai wata jar akuya da take yi wa faɗa da Dandanci safe da yamma. Babu mutum na uku da za a bi ta kansa a yi magana.

Mun karɓi gaisuwa. Mutane sun zo sosai, har da waɗanda ban taɓa gani a zaurenmu ba. Inna ta zauna da carbinta, idonta a bushe, duk wanda ya ce mata ya haƙuri sai ta ce haƙuri na Allah ne, ta tambaye shi mutanen gidansa.

Ba a gama gaisuwar ba wani dogon saƙo ya fara yawo a wayoyin 'yan garinmu. Tarihin yayana ne, wai. An ce shi ne farfesa na farko a duk ƙasar Bagudo. An ce ya koyar a Faransa har Turawa suna tashi tsaye idan ya shigo aji. An ce shi ya ƙirƙiro irin shinkafar da ambaliya ba ta kashewa, kuma an ba shi minista ya ƙi karɓa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na karanta shi ya fi sau nawa, ni da ban san ko shayi yake sha da safe ko kunu ba. Ƙungiyar ci gaban garinmu tana gina ɗakin karatu a makarantar da nake koyarwa, nan take aka ce sunansa za a rubuta a bangon.

Sai saƙo na biyu ya biyo baya, gajere ne, amma ya fi na farko gudu. Ya ce mutanen Lolo su daina rawar kai. Yara biyu ne suka tashi a gidan kawu, ɗan cikinsa da ɗan riƙo. Malamin jami'ar da ya rasu ɗan kawu ne na cikinsa, ɗan Benin gaba da baya. Namu kuwa, in ji saƙon, karatu bai karɓe shi ba, ya ƙare a ɗan aikin tashar jirgin ruwa a Kwatano, can ya mutu tun shekaru masu yawa. Wato muna zaune muna karɓar gaisuwar mutuwar da ba tamu ba.

Abin da ya ba maganar nan ƙafa gaskiya ne. Yaran biyu sa'o'in juna ne, kuma dukansu sunan kakanmu na wajen uwa suka ci, kamar yadda ake yi. Da aka kai su makaranta, kawu ne ya tsaya a matsayin uba, aka rubuta su duka da sunansa. A gida kowa yana da laƙabinsa, ba a ruɗewa. A takardun gwamnatin can kuwa suna ɗaya ne, uba ɗaya, ƙauye ɗaya. Ɗaya ya mutu a tashar jirgin ruwa da daɗewa, wannan kowa ya sani. Mu dai mun tashi da sanin cewa ɗan kawu ne.

Shugaban ƙungiyar tsohon hedimastana ne, ya yi ritaya, bakinsa ne dai bai yi ba. Shi ya laƙaba mini Malama Wa-yac-ce, saboda a ajina yaro ba ya kawo mini magana ya tsira sai ya faɗi inda ya jiyo ta. Ya same ni a gindin darbejiyar makaranta lokacin hutun tara, ya zauna a bencin da nake.

Ya ce, "To Malama Wa-yac-ce, yau ga ranarki ta zo. Wanga mutum naku na, ko na gidan kawunku?"

Na ce, "Namu na."

Ya ce, "Wa yac ce?"

Na shiga lissafi a raina. Babanmu ne ya ce ɗan kawu ne ya mutu, shi kuma wani ɗan aike ne ya gaya masa, a shekarar da ruwa ya cinye hanya ba wanda ya iya zuwa gaisuwa. Baba ya rasu, kawu ya rasu, ɗan aiken ban ma san ko wane ne ba. Atamfa da sabulu sun ci gaba da zuwa wa Inna daga ƙetare ta hannun fatake, amma ba a taɓa cewa ga wanda ya aiko ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ɗa yana iya aikowa, ɗan wa ma yana iya aiko wa gwaggonsa.

Hedimasta ya daina murmushi. Ya ce shi ba ya so a rubuta suna da fenti, bayan shekara a zo ana kankarewa mutanen ƙetare suna yi mana dariya. Akwai taro bayan hutu. In na zo da abin da za a kama, za a sa sunan. In ban zo da shi ba, za a sa wa ɗakin sunan gari kawai, kowa ya huta.

Na fara da saƙonnin. Duk wanda na tambaya sai ya ce turo masa aka yi. Na bi na farkon daga waya zuwa waya, daga Lolo zuwa Bagudo, har na kai ga wani ɗan garinmu mai shago a Legas. Ya amsa da fara'a cewa shi ya rubuta. Na ce a ina ya samo maganar minista. Ya ce a wurin zaman gaisuwa ya ji wani ya faɗa. Maganar Faransa fa? Ya ce ai duk mai karatun Faransanci can yake ƙarewa. Da na matsa sai ya ce, "Haba Malama, yabon mamaci ai lada na." Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi nadama. Saƙo na biyu kuwa na bi shi har Malanbil da ke ƙetare, ya ɓace a bakin wani direba da ya ce a tasha ya ji ana hira.

Na koma intanet. Da sunan babanmu ban sami komai ba. Da sunan kawu sai ga rubuce-rubuce cikin Faransanci, waɗanda ban iya karanta ko layi ɗaya ba, da wani ƙaramin hoto na dattijo mai furfura da tabarau. Na ƙura wa hoton nan ido har idona ya yi ruwa. Na ga goshin Inna. Can kuma na tuna goshin kawu ma haka yake, tun da ciki ɗaya suka fito. Wata malamar Faransanci a sakandaren Bagudo ta duba mini, ta ce duk maganar ƙasar noma ce da fadama, kuma akwai wani suna da yake yawan fitowa kusa da nasa, da alama tare suke aiki. Ta yi 'yan tambayoyinta ta gano mini cewa mutumin ya yi ritaya, yana zaune a Kandi, can cikin Benin.

Kafin in ɗauki hanya na gwada Inna. Kullum bayan la'asar nakan shafa mata man zafi a hannuwa, saboda sanyin ƙashi. Na saba da hannuwan nan, da jijiyoyinsu, da wani tsohon tabo mai sheƙi a tsintsiyar hannunta na dama, wanda ina yarinya na tambaye ta ta ce mini na murhu ne. Ran nan ina shafawa na ce, "Inna, mutane na ta magana bisa mutumin ƙetare."

Ta zare hannunta ta ce akuya ta shiga madafa. Akuyar tana ɗaure a turkenta, ina ganinta.

Na ji haushi, haushi sosai. Na ce a raina wace irin kunya ce wannan da za ta bari a ƙwace wa mutum ɗansa yana kabari. Na kwana biyu ina yi mata magana a gajarce, ita kuwa ko a jikinta. A gidan da mutum biyu ne kawai, fushi ba ya da inda zai je, sai ya zauna tare da ku a tabarma.

Da aka yi hutu na roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa leƙa ta. Na ce wa Inna zan je ƙetare. Ba ta tambaye ni wurin wa ba. Ta dai ƙulla mini soyayyar gyaɗa a leda, ta ce in kula da 'yan kabu-kabun can, gudu gare su.

Na fara biyawa ta ƙauyen kawu. Gidan yana nan, amma baƙi ne a ciki, sun ba ni ruwa suna kallona. Aka kai ni wurin wata tsohuwa a maƙwabta wadda ta san zamanin. Da ɗan Dandancin da na tsinta a bakin Inna muka yi magana. Ta tuna yaran biyu sarai. Ta ce ɗaya mai surutu ne ɗaya shiru-shiru, kullum tare, har riga ɗaya ake ɗinka musu. Na ce wanne ne mai karatun. Ta yi tunani, ta ce mai shirun. Na ce mai shirun ɗan gida ne ko ɗan riƙo. Ta yi dariya ta ce ita ba ta taɓa sanin akwai ɗan riƙo a cikinsu ba, domin kawu bai taɓa bambantawa ba. Na fito ina jin daɗin halin kawuna, ina kuma jin kamar in yi kuka.

A motar Kandi ba wanda na sani. Ana ta hira da harsunan da nake tsintar kalma ɗaya in rasa goma. Na ci gyaɗar Inna ni kaɗai, ina kallon gonakin auduga suna wucewa, ina tunanin wannan hanyar ce yayana ya bi yana yaro, kuma ba wanda ya raka shi daga gidanmu.

Mutumin na Kandi ban sha wahalar samunsa ba, a masallacin unguwa aka nuna mini gidan. Dattijo ne siriri, yana jin Hausa irin ta kasuwa, inda ta ƙare masa sai ya cika da Dandanci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Na karanta masa saƙon farko ina fassarawa. Tun ban kai rabi ba yake girgiza kai yana dariya ƙasa-ƙasa.

Ya ce abokinsa bai kai farfesa ba. Dakta ne, ya tsaya a matakin da ke ƙasa da wannan har ya yi ritaya, domin ya fi son shiga fadama da ɗalibai a kan zaman rubuta abin da ake ƙara girma da shi. Faransa ya je, amma kwas ya je yi na 'yan watanni, ya dawo yana ƙorafin sanyi da abincinsu. Maganar minista bai taɓa ji ba. Shinkafar kuwa aikin mutane da yawa ne, nasa a ciki shi ne gwada ƙasa, a san wace fadama ce za ta karɓi irin. Ya ce, "Amma ɗiyata, in kin ga malamin gona a arewacin ƙasar nan wanda ya san aikinsa, ki tambaye shi wa ya koya masa." Ya ce mutum ne mai tsanani a aji, ba ya ƙara wa kowa maki ko ɗan wane ne, kuma ɗalibai sun tsane shi suna makaranta, suka dawo suna neman gidansa bayan sun fara aiki.

Ina ji ana rage masa girma ɗaya bayan ɗaya, amma mutumin da ya rage ya fi kwanta mini a rai. Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce mamacin ya taɓa yi masa maganar Lolo?

Ya ce a'a.

Mahaifiyarsa fa?

Ya ce sun yi shekaru masu yawa ofis ɗaya, bai taɓa jin ya ambaci uwa ba. In an tambaye shi gida sai ya ce gida yana bakin kogi, ya canza magana. Matarsa ta riga shi rasuwa, ba su sami haihuwa ba. Ya san dai yana da ɗan'uwa mai irin sunansa da ya mutu a Kwatano, amma wanne ne ɗan wa, bai sani ba.

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ɗan fari ma yana jin kunyar uwarsa, na sani, shirunsa yana iya zama wannan. Yana kuma iya zama shirun wanda ba shi da abin faɗa a kan Lolo don ba garinsu ba ne. Na zo har Kandi, na sami aikin mutumin kaf, ban sami ko nawa ne ba.

Dattijon ya bar ni na share fuska. Don ya kawar da shirun, ina ji, sai ya shiga ba ni labarin jana'izar. Ya ce tsofaffin ɗalibai ne suka cika wurin, kuma shi da limamin unguwa suka yi masa wanka. Ya ce a nan ya ga abin da bai taɓa gani ba duk zamansu, domin mutumin ko a fadama ba ya naɗe wando, da dogon takalmin roba yake shiga. Wani babban tabon ƙuna ne a ƙaurinsa na hagu, ya zagayo har baya, tsoho ƙwarai, irin wanda mutum ya girma da shi. Ya tambaye ni ko na san asalinsa. Na ce ban sani ba. Ban ma ɗauki maganar da muhimmanci ba, hankalina yana kan abin da zan gaya wa hedimasta.

Na dawo gida na tarar da Inna lafiya. Ta tambaye ni hanya, ta tambaye ni ko an yi ruwa a can. Shi ke nan. Kwanaki suka yi ta tafiya, taro yana matsowa, na riga na haƙura cewa sunan gari za a sa.

Ana gobe taro, bayan la'asar, muna zaune a tsakar gida, ita a kan tabarma, ni ina yankan kuɓewa. Akuyar tana turkenta tana tuƙa. Na dube ta, na tuna gwaggo da matar baffa. Na ji kunyar abin da zan yi, mace mai furfura, malamar makaranta. Na juya kujerata na fuskanci akuyar, na ɗaga murya kaɗan.

Na ce, "Ke ja, kin ji inda nit tahi? Kandi nit tahi."

Na ba akuyar nan labari tun daga farko. Na gaya mata ba farfesa ba ne, dakta ne. Na gaya mata sanyin Faransa bai karɓe shi ba. Na gaya mata yadda yake hana maki, da yadda ɗalibai suka cika wurin jana'izarsa, da cewa an yi masa salla a masallacin unguwarsu. Ban kalli Inna ba, amma na ji carbinta ya daina motsi. Na ce abu ɗaya ne ban samo ba, ko wane ne daga cikin yaran biyu. Sannan, don labarin ya ƙare, na faɗi maganar wanka da tabon da aka gani a ƙafarsa.

Na ɗauka ma Inna ta yi gyangyaɗi. Sai na ji muryarta, ita ma akuyar take kallo.

"Ta hagu?"

Na ce wa akuyar, "Ta hagu. Ya zagayo har baya."

Inna ta ce, "Tukunyar turara shinkafa ta. Shina rarrahe, ni kau ina nesa, don ba a son a gan ni kusa da shi. Yaj jawo itacen murhu, tukunya tat tuntsure." Ta ɗan tsaya. "Gida cike da mutane, uwar mijina na zaune. Ban san sa'adda nit tashi ba. Nis sa hannu cikin ruwan nij jawo shi, nir rungume shi ina kuka ina kiran sunanai, kowa na ji."

Ta ce an daɗe ana yi mata dariya a kan wannan, har a bakin rijiya ana kwaikwayon yadda ta kira sunan. Uwar mijinta ta ce yarinyar nan ba ta da kunya, in an bar mata yaron za ta lalata shi. Shi ya sa ana yaye shi aka tsallaka da shi.

Ta juya hannunta na dama a kan cinyarta, tabon yana sama. Hannun da nake shafa wa mai kullum. Ta ce wa akuyar, "Ashe dai shi na." Ban taɓa tunanin cewa ita ma ba ta da tabbas ba. Shekaru nawa tana karɓar atamfa da sabulu ba ta san ko daga ɗanta suke ba, ko ya daɗe a ƙasa, kuma ba ta da bakin tambaya. Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Na bar kuɓewar na koma kusa da ita na zauna, ban taɓa ta ba, har aka kira magariba.

Washegari aka yi taro a ajin 'yan shida, manyan mutane a kan bencin yara. Mace ni kaɗai ce. Na tashi na faɗi abin da na samo. Na ce a cire farfesa, a cire minista, a cire ƙirƙiro shinkafa, duk ba su da tushe. Na faɗi abin da ya yi na gaskiya, da wanda ya gaya mini, da inda yake zaune ga mai son ya je ya ji da kunnensa. Wasu ba su ji daɗi ba, wani ma ya ce dakta ai ko a Bagudo akwai su. Na ce to a nemo wanda ya fi shi a sa, ni dai ba zan sa wa ɗan'uwana rigar da ba tasa ba.

Hedimasta ya ce, "Mun ji aikinai. Saura babbar magana. Naku na, ko na gidan kawunku?"

Na ce, "Namu na."

Ya gyara tabarau, yana ɗan murmushin nan nasa. "Wa yac ce?"

Na ce, "Wadda ta haife shi."

Murmushin ya tafi. Dattawan da ke gaba, waɗanda suka san Inna tun tana amarya, suka sunkuyar da kai. Wani matashi daga baya ya fara tambayar me ta ce, na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa ya yi shiru. Ba wanda ya nemi in maimaita maganarta, ni ma da an nema ba zan faɗa ba. Hedimasta ya ce a kira mai fenti.

An rubuta sunan da shuɗin fenti a saman ƙofa, da dakta a gabansa, aka ƙara sunan babanmu a ƙarshe. Hanyar asibiti ta gaban makarantar take bi, kuma duk wata nakan kai Inna a duba mata jini. Ba ta iya karatun boko ba, ban kuma taɓa nuna mata ba. Amma duk lokacin da muka zo daidai ɗakin nan sai ta ce wa mai Keke ya rage gudu, wai ramukan wurin suna jijjiga mata baya. Ta kan juya fuskarta ɗaya gefen har mu wuce. Wurin kuwa babu rami ko ɗaya.